Yadda ake zaunar da kalmomi a kan kiɗa ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba

Tambayar da masu koyon waƙa suka fi yi mini ita ce: da me ake farawa, kalmomi ko kiɗa? Nakan ce ka fara da wanda ya riga zuwa maka, domin kowace hanya ta haifi manyan waƙoƙi. Tun 1967 marubucin waƙa Bernie Taupin ke rubuta baitoci ya miƙa wa mawaƙin Ingila Elton John, shi kuma ya zauna gaban fiyano ya nemo musu kari, wato hawa da saukar sautin da za a rera su da shi. Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles kuwa karin waƙar Yesterday ne ya fara zo masa, ya daɗe yana rera shi da kalmomin wucin gadi masu zancen ƙwai kafin ya samu na gaskiya, waƙar ta fito a 1965. Ke nan ba a nan gizo ke saƙa ba. Aikin yana farawa ne bayan ɗayan ya iso, kuma abin da na yarda da shi shi ne wannan: a kowane ɗango, wato layi guda na baiti, ɗaya ne ke jan gaba, ko kalma ko kiɗa, ɗayan kuma ya matsa masa. Waƙar da kalmominta suka cika maƙil, karinta kuma yana ta hawa da sauka a lokaci guda, kunne ba ya iya riƙe ta.

Kafin komai, ka faɗi jigon waƙarka a jimla ɗaya, da bakin da kake hira da shi. Ba "soyayya" ba, wannan ya yi faɗi. Ka ce: mutum ne da aka tafi aka bari, barci ya gagare shi. In jimlar ta ƙi fitowa, waƙar ba ta nuna ba tukuna.

Idan kalmomi ne suka riga zuwa, kada ka yi gaggawar ɗaukar jita ko kunna kiɗa. Tashi tsaye ka karanta baitin da ƙarfi, kamar kana gaya wa wani da ke bakin ƙofa, kana tafi a hankali. Za ka ji inda muryarka ke ɗagawa da kanta, da inda take jan wasali, da inda take son tsayawa. Rabin karin yana nan cikin maganar, sai dai ka fito da shi. Abin da ke sa haka shi ne gaɓoɓi ba nauyinsu ɗaya ba. Gaɓar da ta ƙare da baƙi ko dogon wasali mai nauyi ce, irin "kin" ko "bar", tana bukatar wuri. Wadda ta ƙare da gajeren wasali kuwa, irin "da" ko "ki", wucewa take yi da sauri. Wannan awon ne masanin Larabci Khalil ɗan Ahmad ya tsara wa waƙar Larabci a Basra cikin ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, wato ma'aunan waƙa, daga baya aka ƙara na 16, kuma marubuta waƙar Hausa sun daɗe suna aiki da su domin harshenmu ma da nauyin gaɓa yake tafiya. Ba sai ka haddace sunayen karuruwan ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne ka ɗora gaɓa mai nauyi a inda ganga ke dukan ƙarfi, marasa nauyi su cike tsakani.

Ga lissafin da nake yi a gefen takarda. Kiɗan da ke tafiya bugu 120 a minti, bugu 8 daƙiƙa 4 ke nan, kuma sau da yawa wannan ne ɗan wurin da ɗango ɗaya zai samu. In ka sa gaɓa ɗaya a kowane bugu, kana da 8. In ka sa bibbiyu, 16, amma fa gudu kake yi, babu wurin numfashi. Ɗauki wannan ɗangon:

Tun da kika tafi ban ƙara barci ba

Gaɓa 12 ne. Zai shiga, sai dai "da kika tafi" za su dunƙule a baki, kuma ɗangon ya ƙare a kan "ba", wadda ba ta da abin da za a ja. Yanzu duba wannan:

Kin tafi, barci ya ƙi

Gaɓa 7, ma'ana ba ta ragu ba, har ta fi zafi. Ga wurin tsayawa bayan "tafi", ga sauran bugu ɗaya da kiɗa zai amsa maka. Mafi yawan gyaran da nake yi wa baiti ragi ne, ba ƙari ba.

Idan kuma kiɗa ne ya riga zuwa, ko wani kari ya maƙale maka a kai, ko furodusa ya turo maka kiɗan da ya haɗa, to ka kunna wayarka ta ɗauki murya, ka rera da "la-la-la" da duk shirmen da ya zo bakinka. Kada ka tsaya neman ma'ana. Sai ka zauna ka saurara da biro a hannu. Ka ƙirga gurabun da karin ya bari a kowane ɗango, ka ja layi ƙarƙashin waɗanda murya ta daɗe a kansu. Ka kuma lura da wasalin da bakinka ya zaɓa a wurin, domin ba banza ya zaɓe shi ba. Inda murya ta hau can sama ta tsaya, "a" da "o" sun fi buɗe maƙogwaro, "i" da "u" kuwa matse shi suke yi. In shirmenka ya ce "aaa" a ƙololuwar amshi, nemo kalmar da ke da "a" mai tsawo a daidai wurin. Sau da dama ma kalma guda ta gaskiya takan faɗo cikin shirmen, kuma ita ce ke zama jigon waƙar gaba ɗaya.

A nan ne mai waƙa da Hausa ke da wani nauyi na musamman, kuma ina so a daɗe a kansa. Tsawon wasali da karin sautin kalma suna canza ma'ana, kiɗa kuma yana iya lanƙwasa su duka biyun. Ka rubuta "ki dafa kafaɗata". A takarda lafiya lau. Amma "dafa" ta ɗora hannu wasalinta na farko dogo ne, in kiɗan ya tilasta maka ka gajarta shi, abin da kunne zai ji "dafa" ta girki ce. Haka "wuya": wanda ke tsakanin kai da kafaɗa daga sama yake saukowa, "wuya" ta wahala kuma daga ƙasa take hawa. Ba ina cewa dole karin waƙa ya bi karin magana gaɓa bayan gaɓa ba, da haka ne da babu waƙa sai karatu. Mai sauraro yana yafe da yawa a tsakiyar ɗango, don sauran jimlar na taimaka masa. Amma kalmar da ke ɗauke da jigo, da kalmar ƙarshen ɗango, da duk abin da ke cikin amshi, waɗannan kam a bar su su fito kamar yadda ake faɗarsu. In sun ci karo da karin, ɗaya ya sauya. Ni nakan fara gwada sauya karin, domin matsar da sauti ɗaya sama ko ƙasa ya fi sauƙi a kan samun wata kalmar da ta kai ta farko.

Sai rabon aiki tsakanin baiti da amshi. A baiti kalma ce ke jan gaba: a nan labari yake, da wa, da ina, da me ya faru. Don haka karin ya kwanta, ya yi kusa da magana, kiɗa ya rage hayaniya. A amshi kuwa kari ne ke gaba, kalmomi su zama kaɗan, masu sauƙi, waɗanda mutum zai kama tun jin farko. Kada ka ji kunyar maimaita ɗango ɗaya a amshi, maimaicin ne aikinsa. Kuma ka ajiye sautin da ya fi kowanne tsawo don amshin. In ka riga ka hau shi tun baitin farko, amshi zai zo ya tarar babu inda zai je.

Amsa-amo, wato ƙare ɗangogi da sauti iri ɗaya, abu ne mai daɗi, amma shi ya fi komai sa marubuci faɗar abin da bai yi niyya ba. In ka ga ka juya jimla ta koma yadda babu mai magana haka, don kawai ta ƙare da "wa" ko "na", to jefar da ita. Dabarar da ke yi mini aiki ita ce in fara rubuta ɗangon ƙarshe na baitin, wanda ya fi ƙarfi, sannan in nemo waɗanda za su kai ni gare shi.

A sitidiyo, ka saurari abin da ke faruwa daidai lokacin da muhimmin ɗango ke wucewa. Fiyano da jita da sarewa sukan zauna a tsawon sauti ɗaya da muryar mutum, in suna ta ado a lokacin da kake magana, kalmomin za su nutse komai ƙara maka murya da aka yi. Ka roƙi furodusa ya ɗauke su a wurin, su dawo a gurbin da ka bari bayan ɗangon. Wani lokaci ma a ɗauke ganga gaba ɗaya na ɗan bugu biyu kafin amshi ya faɗo. Kuma kalmomin baƙin ciki a kan kiɗa mai sauri ba laifi ba ne, yana iya taɓa zuciya sosai, muddin da gangan ka yi, ba don kiɗan da ka samu ke nan ba.

Gwajin ƙarshe ba a takarda ake yinsa ba. Rera wa mutumin da bai taɓa ganin rubutun ba, sau ɗaya tak, sannan ka ce ya gaya maka abin da ya ji, kada ka taya shi. Inda ya yi shiru ko ya kawo wata kalma daban, sa alama, wurin ne kalma da kiɗa suka yi karo. Washegari ka sake nemansa ka ce ya rera maka abin da ya tuna. In karin ya dawo masa babu kalmomi, amshinka ya yi nauyi, rage shi. In kalmomin ya tuna amma ya kasa rera su, koma kan karin, ka fara da ɗangon farko na amshi.