Yadda Za a Kafa Allon Tunawa da Mazajen Gari da Suka Rasu a Fagen Yaƙi

Ƙauyuka da dama a ƙasar Hausa sun ba da 'ya'yansu ga aikin soja tun zamanin Turawa, kuma ba duka ne suka dawo ba. Wasu sun faɗi a Kamaru tsakanin 1914 da 1916, wasu a Gabashin Afirka, wasu a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da rikicin Laberiya da Saliyo da na Arewa maso Gabas suka ɗebi nasu. Barikokin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya suna riƙe da sunayen da suka samo asali daga yaƙin Bama, amma sunayen mutanen da suka mutu a can ba su da mazauni a garuruwansu sai bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna ƙarewa. Garin da ke son adana su yana iya yin haka da ƙarfin kansa.

A fara da kai maganar gaban dagaci da limamin gari, a kafa ƙaramin kwamiti wanda zai ƙunshi malamin makaranta mai iya rubutu da bincike, da tsohon soja ɗaya ko biyu, da dattijuwa wadda mata za su saki jiki da ita, domin matan mamatan da 'ya'ya mata su ne suka fi riƙe labarin wanda ya tafi bai dawo ba. Tun a zaman farko a tsayar da wanda za a rubuta. A ganina bai kamata a tsaya kan masu riƙe bindiga kaɗai ba, saboda masu dakon kayan soja da direbobi da masu dafa abinci sun mutu a hanya ɗaya da su, da yawansu ma cuta ce ta kashe su ba harsashi ba.

Tattara sunaye shi ne ainihin aikin, kuma a nan ake bukatar haƙuri. A bi gida-gida da littafi, a rubuta sunan yanka da sunan mahaifi da laƙabi da unguwa, da shekarar da mutumin ya tafi gwargwadon abin da aka tuna, ko da ta hanyar danganta ta da sarautar wani hakimi ne ko shekarar wata yunwa. A nemi a ga duk takardar da iyali suka ajiye a adaka, kamar wasiƙa ko littafin albashi ko lambar yabo, a ɗauki hotonsu da waya a mayar wa masu su nan take. Lambar soja ta fi komai amfani, domin magatakardan da suka ɗauki mutanenmu sukan rubuta sunan mutum haɗe da na babban garin da ya fito, har a sami Audu Kano ko Musa Katsina masu yawa a bataliya guda, alhali a ƙauyensu ba wanda ya san su da wannan suna. Kada a amince da suna sai majiyoyi biyu da ba su haɗa gida ba sun tabbatar da shi.

Daga nan sai a gwada abin da aka samu da rubutattun bayanai. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rumbun sunaye a intanet wanda ake dubawa kyauta, kuma sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka mutu a yankunan Kaladan da Arakan na ƙasar Bama ba a san kabarinsu ba suna cikin sunaye kusan 27,000 da ke jikin ginin tunawa na Rangoon, a maƙabartar Taukkyan. Sai dai rashin suna a rumbun ba hujja ba ce ta cire mutum, domin hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa an bar dubban 'yan Afirka na Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta su ba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha suna iya taimakawa, mutanen Nijar kuwa waɗanda kakanninsu suka yi wa Faransa yaƙi su duba rumbun Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa.

Game da siffar abin da za a gina, a tuntuɓi malamai kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Mutum-mutumi ba zai karɓu ba, kuma bai dace a yi abin da zai yi kama da kabari ko wurin neman tabarraki ba. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina aji ɗaya a makarantar gari a matsayin sadaka mai gudana, a manna allon sunayen a bangonsa, inda yara za su riƙa karantawa. Allon ya zama na marmara ko baƙin dutse da aka sassaƙa, domin fenti a kan siminti ba ya jure rana da damina.

A jera sunayen bisa yaƙin da aka yi da jerin harufa, ba bisa muƙami ko gidan sarauta ba, Musulmi da Kirista a layi ɗaya kamar yadda suka tsaya a fareti. A rubuta da boko da ajami idan fili ya isa, a kuma bar sarari a ƙasa saboda sunayen da za su fito daga baya. Kafin a kai wa mai sassaƙa, a kafe jerin a ƙofar fadar dagaci na wata guda, a karanta shi bayan sallar Juma'a da kuma a coci, domin gyara a takarda ya fi gyara a dutse sauƙi.

Kuɗi ya fito daga karo-karo da gudummawar 'yan gari mazauna birni, a riƙa bayyana abin da ya shigo da wanda ya fita, kuma kada sunan mai bayarwa ko ɗan siyasa ya hau allon. Ranar 15 ga Janairu, wadda Najeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya, ta dace da buɗewa: a yi addu'a, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya a gaban iyalansu. Littafin binciken a yi masa kwafi uku, ɗaya a fada, ɗaya a makaranta, ɗaya a ƙaramar hukuma, a kuma ɗora wa ƙungiyar ci gaban gari alhakin duba allon da gyara shi bayan kowace damina.