Kurakuran da sababbin injiniyoyi ke yi wajen adana ilimin gini a Morishus

Morishus tsibiri ne a tekun Indiya da mutanensa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma da yawa daga masu aikin gini a cikinsa baƙi ne da ake ɗaukowa daga Bangaladesh da Indiya da Sin bisa kwantiragi mai wa'adi. Duk da haka, sababbin injiniyoyi sun ƙi daina barin abin da aka koya a filin aiki ya zauna a kan foman, wato shugaban ma'aikatan fili, shi kaɗai, alhali sun san cewa ranar da izinin aikinsa ya ƙare zai hau jirgi ya tafi da duk abin da ya sani.

Wannan sakacin ya taɓa ja mini asara babba. Ƙasar tsibirin cike take da baƙin dutse na aman wuta, don haka da masu haƙa ramin bututun ruwa suka ci karo da wani ƙaton dutse, sai foman ya karkatar da bututun ya zagaye shi. Shawara ce mai kyau, amma matashin injiniyan da ke wurin bai sa ta a zane ba. Da aka dawo gina ɓangare na biyu, foman ya riga ya koma ƙasarsu, direban katafila ya bi tsohon zane ya fasa bututun, ruwa ya cika ramin harsashi bayan an gama ɗaure rodi, muka biya tarar jinkiri. Abin takaici shi ne aikin minti biyar ne da jan biro zai hana wannan duka. Tun daga nan ba na yarda a rufe kowane rami sai an gyara zanen a ranar, an auna nisan bututu daga wurare biyu da ba sa motsi, an kuma ɗauki hoto da tef ɗin awo a shimfiɗe. Wanda ya ce zai yi gobe, to ramin ma ya kwana a buɗe.

Kuskure na biyu shi ne raina tsofaffin kundayen kamfani, a kwafo tsari daga littafin da aka rubuta domin wata ƙasa. Tun 2001 aka hana ɗibar yashi a gaɓar tekun tsibirin, sai aka koma ga niƙaƙƙen dutse, wanda ya fi yashi shan ruwa a kwaɓin kankare. Sakamakon gwajin kankare na ayyukan baya yana nan a ofis yana shan ƙura, amma yaro zai zo da lissafinsa na makaranta ya nace a kai. Haka nan iskar teku mai gishiri tana cin rodi idan kankaren da ya lulluɓe shi bai yi kauri ba. Guguwar Carol ta 1960 ce ta juya mutane zuwa gidajen bulo da kankare, sannan ambaliyar 30 ga Maris 2013 ta kashe mutum 11 a Port Louis, babban birnin ƙasar. Wanda zai zana magudanar ruwa bai tambayi inda ruwa ya taɓa kaiwa a filin ba, ya yi ganganci. Ni dai kafin sabon injiniya ya taɓa zane, sai ya karanta fayil ɗin aikin da muka yi mafi kusa da wurin.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Hotunan aiki kada su ƙare a WhatsApp, a kwashe su zuwa kwamfutar ofis kowace Juma'a da kwanan wata. Takardu da Turanci ake rubuta su, amma a fili Kiriyol, harshen mutanen tsibirin, ake ji, saboda haka a sa wanda zai fassara umarni, ya kuma rubuta amsar ma'aikata. A riƙa rubuta tsawon lokacin da kowane kaya ya ɗauka kafin ya fito daga tashar jiragen ruwa, domin siminti ma shigo da shi ake yi. Taron bitar aiki kuwa a yi shi tun ma'aikata ba su karɓi kuɗin sallama ba.