Hutun Disamba a ɗakin aboki: shawara ga 'yan Kaduna da suka tafi karatu Birtaniya

Ɗalibin da ya bar Kaduna a watan Satumba, kafin ya gama gane hanyar aji da ta shagon naman halal, sai ya ji an ba da hutu. Yawancin jami'o'in Birtaniya suna rufewa tsakiyar Disamba, a koma farkon Janairu. 'Yan ƙasa su kwashe jakunkuna su nufi gidajen iyayensu, ginin kwanan ɗalibai ya yi tsit, rana kuma ta riƙa faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Kuɗin jirgin Abuja a wannan lokaci ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Daga nan sai a fara buga waya: "Mutumina, kana Manchesta ko? Ga ni nan tafe."

Wannan "ga ni nan tafe" ɗin ita nake so ƙannena su yi hattara da ita. A gida mutum kan hau mota a Kawo ya sauka Kano, ya yi sallama a ƙofar aboki, a shimfiɗa masa katifa, ba mai tambayarsa ranar tafiya. Can kuwa abokinka ɗaki ɗaya yake haya, gado na mutum ɗaya, tebur, sai 'yar hanyar wucewa. Kicin da banɗaki wataƙila da mutum huɗu ko biyar yake rabawa, kowa da inda yake ajiye abincinsa a firij. Gidajen kwanan jami'a da yawa sun ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi, wasu sai an rubuta sunansa a wurin masu gadi. Idan aka karya doka, kai ka tafi abinka, shi za a rubuto wa takarda. Kunya kuma ba za ta bar shi ya gaya maka ba, musamman in ka girme shi ko tare kuka taso a Tudun Wada. Saboda haka kai za ka sauƙaƙa masa. Ka faɗi ranar zuwa da ranar komawa tun a waya, ka tambaye shi ko mutanen gidan sun sani. Kwana uku ya isa zumunci. In ya roƙe ka ka ƙara, ka lura ko da gaske yake ko kara ce kawai.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ma son yi. A gidajen haya da yawa akwai wata 'yar na'ura a kicin mai nuna fam nawa aka ƙona na wuta da gas a ranar. Ka kunna na'urar ɗumama ɗaki tun safe, ka daɗe a wanka da ruwan zafi, mai masaukinka yana kallon lambar tana hawa, yana murmushin dole. Kada ka miƙa masa kuɗi a hannu, ba zai karɓa ba. Ka shiga kanti ka yi cefane, shinkafa, kaza, mai, madara, ka zuba a kicin, ka kuma shiga girkin da wankin kwanuka. In za ka soya manja ka buɗe taga, ka rage wuta, domin hayaƙi kaɗan ke tayar da ƙararrawar gobara, a fito da gini guda waje cikin sanyi. Bayan alwala ka goge ƙasan banɗaki, ka ɗauke butarka. A kan jiƙa banɗaki an sha yin rigima da abokan zama fiye da a kan komai.

'Yan mata ɗalibai, in ba ƙawar da kika sani tun gida ba ce, gara ki sauka wurin matar aure 'yar gida, ki kuma bar adireshin wurin wani naki.

Hanya ita ma da nata. Ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa tafiya, a Landan har motocin haya na gwamnati da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk a tsaye suke, washegari ma kaɗan ne ke fitowa. Ka sayi tikiti da wuri, don farashin yana tashi ne yayin da ranar ke matsowa. Katin 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa, kuma cikakken ɗalibi yana iya mallakarsa ko ya haura shekara 25. Manyan motocin National Express da FlixBus sun fi araha, sai dai a sha zama.

Mai sha'awar leƙa Faransa ko Jamus ya sani bizar karatun Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya can. Sai ya nemi bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 tun daga Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta. Samun ranar ganawa kan yi wuya gab da hutu, don haka tun Oktoba ake fara nema. In wurin aboki za ka sauka, za a nemi takardar gayyata daga gare shi, a Faransa ma sai wadda hukumar garinsa ta buga wa hatimi. Ireland kuma bizarta daban. Tikitin jirgin sama mai arha kada ya ruɗe ka: jakar kaya kuɗinta daban, filin jirgin Beauvais da ake kira na Paris kuwa tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota kafin ka ga garin.

A ganina ma hutun farko ba na tsallaka ƙasa ba ne. Dokar biza ta yarda ɗalibin digiri ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, a hutun da jami'a ta ayyana kuma ya yi cikakken aiki, ga shaguna da rumbunan kaya suna neman hannu a Disamba. Masu digiri na biyu su duba kalandar sashensu da kyau, domin watannin rubuta kundi galibi a lokacin karatu ake lissafa su. Ga kuma jarrabawa ko aikin da za a miƙa a Janairu, wanda ba zai rubutu a ɗakin da mutum uku ke hira har asuba ba.

Tsaraba kuwa, in wani naka zai taso daga gida ya haɗu da ku, a ce masa ya shiga Kasuwar Bacci ya sayo kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Ban da kilishi da dambun nama da man shanu, domin Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace su.