Yadda Matuƙi Zai Yi Idan Wata Ƙaramar Na'ura Ta Daina Aiki Kafin Tashi

A dokar sufurin jiragen sama, lafiyar inji da ƙarfin fuka-fuki kaɗai ba su isa a ce jirgi ya cancanci tashi ba. Sharuɗɗa biyu ne dole su cika a lokaci guda: jirgin ya dace da tsarin da hukuma ta amince da shi ranar da ta ba samfurinsa takardar shaida, tare da duk wani sauyi da aka amince da shi daga baya, sannan ya kasance cikin yanayin da zai tashi ya sauka lafiya. Yawancin rigimar da ke tsakanin matuƙa da hukumomi daga sharaɗi na farko take tasowa, domin ƙwan fitila ɗaya da ya ƙone, ko gejin zafin iska da allurarsa ta maƙale, na iya hana jirgi tashi a takarda, alhali kowa ya san da ƙafafunsa zai dawo. Wannan bayani ya dogara ne a kan dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, saboda ƙasashe da dama sun ɗauki tsari mai kama da nata, amma wajibi ne kowane matuƙi ya koma ga dokar ƙasar da ta yi wa jirginsa rajista.

Da ka lura wani abu ba ya aiki yayin zagayen dubawa, tambaya ta farko ita ce ko jirgin yana da MEL, wato jerin na'urorin da aka yarda a tashi ba tare da su ba, bisa sharuɗɗa. Kamfanonin jigilar fasinja da masu jiragen jet da shi suke aiki, kuma ana tsara shi ne daga babban jerin da ake kira MMEL wanda hukuma ta amince wa samfurin jirgin. Kamfani na iya tsaurara nasa fiye da babban jerin, amma ba shi da ikon sassautawa. Idan akwai MEL, aikinka ya yi sauƙi ta wata fuskar: ka nemo na'urar, ka duba adadin da aka sanya wa jirgin da adadin da dole ya yi aiki, ka bi matakan da aka rubuta wa matuƙi da waɗanda aka rubuta wa makaniki. Ka kuma duba wa'adin gyara, wanda ya dogara da rukunin da aka sa na'urar. Rukunin B kwana 3 ne, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, ba a lissafa ranar da aka rubuta matsalar, rukunin A kuwa yana da nasa wa'adin da aka fayyace a gefensa. Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa abin da ba a ambata a jerin ba ba shi da muhimmanci. Akasin haka ne. Duk abin da ya shafi cancantar tashi kuma ba ya cikin jerin, dole ne ya yi aiki, shi ya sa ba za ka taɓa ganin fiffike ko inji a ciki ba.

Mai ƙaramin jirgi mai injin fistin, irin Cessna 172 ko Piper Cherokee, galibi ba shi da MEL, sai ya bi sashe na 91.213(d) na dokokin FAA, wanda ya ɗora masa tambayoyi huɗu. Shin na'urar na cikin abubuwan da dokar ƙera jirgin ta wajabta don tashin rana a sararin da ake gani? Shin littafin jirgin ya nuna ta a matsayin wajibi ga irin tafiyar da za a yi? Shin sashe na 91.205, wanda ya jera na'urorin da dole jirgi ya kasance da su, ko wata doka ta buƙace ta? Shin akwai umarnin dole na hukuma, wanda ake kira AD, da ya ce sai tana aiki? Idan amsar ko da ɗaya ta zama e, jirgin ba ya tashi sai an gyara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a tambaya ta uku kaɗai, domin ita ce ɗalibai ke haddacewa kafin jarrabawa: ma'aunin gudu, ma'aunin tsayi, kamfas, ma'aunin juyawar inji, gejin matsi da na zafin man inji, gejin kowane tankin mai, bel ɗin kujera, da sauransu. Amma ƙahon da ke gargaɗin cewa fuka-fuki sun kusa daina ɗaukar jirgin ba ya cikin wannan jeri, kuma duk da haka littafin Cessna 172 ya wajabta shi. A jerin kayan da ke sashen nauyi na tsoffin littattafan Cessna, harafin R a ƙarshen lambar na'ura yana nufin wajibi ce, S na nufin da ita aka saba fito da jirgin, O kuma zaɓi ne. Fitilar sauka misali ce ta ɗaya ɓangaren: doka ba ta buƙatarta sai da dare, kuma sai idan jirgin yana aikin haya. Fitilun walƙiya na kauce wa karo sun fi ruɗarwa, domin wajibi ne ko da rana ga ƙananan jiragen da aka ba takardar shaida bayan 11 ga Maris, 1996, sannan sashe na 91.209 ya ce jirgin da ke da su dole ya kunna su.

Idan duk amsoshin huɗu sun zama a'a, da sauran aiki. Ko dai a cire na'urar gaba ɗaya, a manna sanarwa a wurin maɓallinta, a kuma rubuta aikin a littafin gyara, ko a kashe ta yadda ba za ta iya kunnuwa ba, a manna mata takarda mai ɗauke da kalmar INOPERATIVE inda matuƙi zai gani. Cirewa aikin makaniki ne, kuma idan abin yana da nauyi sai an sake lissafin nauyi da daidaiton jirgin. Kashewar ma, idan ta wuce jan maɓallin katse wuta da ɗaure shi, ta koma hannun mai lasisin gyara. Daga nan sai matuƙi mai lasisin da ya dace, ko makaniki, ya yanke hukuncin cewa rashin na'urar ba zai jawo haɗari ba. Takardar da aka manna ba izini ne na har abada ba: sashe na 91.405 ya ce a dubawa ta gaba da doka ta wajabta, sai an gyara na'urar, ko an sauya ta, ko an cire ta, ko an sake duba ta.

A kan wannan hukunci na ƙarshe ya kamata matuƙi ya daɗe, domin a nan ne takarda ba ta iya yi masa tunani. Tambayar da ta fi “shin ina buƙatar wannan abu?” amfani ita ce “me ya sa ya daina aiki?” A ranar 20 ga Agusta, 2008, jirgin Spanair samfurin MD-82 ya dawo daga bakin titin tashi a Madrid saboda hitar na'urar auna zafin iska tana aiki a ƙasa, alhali a sama kaɗai ya kamata ta kunnu. Makanikai suka yanke mata wuta kamar yadda MEL ya halatta, ba tare da gano abin da ya kunna ta ba. Jirgin ya sake yunƙurin tashi, matuƙan sun manta ba su sauke ƙananan fuka-fukan tashi ba, ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe su ba ta yi kuka ba, mutum 154 suka rasu. Shekaru 25 kafin haka, a Yulin 1983, wani Boeing 767 na Air Canada ya tashi gejojin mansa ba sa nuna komai, matuƙin yana zaton an halatta hakan, aka kuma yi kuskuren lissafin mai tsakanin fam da kilo. Man ya ƙare a sama, ya sauka ba inji a tsohon sansanin soja na Gimli, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Saboda haka ka duba abin da na'urar ke tarayya da shi: waya ɗaya, maɓallin katse wuta ɗaya, ko bututun iska ɗaya. Ka kuma haɗa matsalolin wuri guda ka auna, domin abubuwa biyu da kowannensu ya halatta shi kaɗai suna iya zama haɗari idan suka taru, musamman da dare ko a cikin gajimare.

Sau da yawa gyarawa ta fi jinkirtawa sauƙi. Rataye na A a kashi na 43 na dokokin, wanda ya shafi gyaran jirgi, ya ba mai lasisin tuƙi izinin yin wasu ƙananan ayyuka a jirgin da ya mallaka ko yake aiki da shi, muddin ba na jigilar kasuwanci ba ne: sauya ƙwan fitilar sauka da na gefen fuka-fuki, sauya taya, batir, fulogi da bel ɗin kujera. Sharaɗin shi ne ya rubuta abin da ya yi, da kwanan wata, da sa hannu, da lamba da nau'in lasisinsa. Aikin da ba a rubuta ba, a idon sufeto, ba a yi shi ba. Idan kuma gyaran ya gagara a inda jirgin yake, ana neman izinin tashi na musamman ƙarƙashin sashe na 21.197 don kai shi wurin gyara, yawanci bayan makaniki ya tabbatar da cewa zai iya yin wannan tafiya guda.

Ƙara sabon abu a jirgi shi ne inda takaicin ya fi tsanani, kuma a ganina matuƙa suna da gaskiya a wani ɓangare. Na'urar hannu da aka maƙala da matsewa, tana aiki da batirinta, ba ta buƙatar amincewa, illa a tabbatar ba ta dagula rediyo ko kamfas. Amma da zarar an huda allo, an ɗaura ta da kusoshi, an haɗa ta da wutar jirgin, ta zama sauyi ga tsarin jirgin. Ƙaramin sauyi sa hannun makaniki a littafi ya ishe shi. Babban sauyi sai da bayanan da hukuma ta amince da su, kamar takardar STC, wato ƙarin takardar shaida da ke amincewa da sauyi ga samfurin jirgi, da cike fom na 337. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin ƙarami da babba ba a ja ta da kyau ba, har makanikai biyu ko ofisoshi biyu na hukuma ɗaya kan ba da amsa daban a kan abu ɗaya. Ga kuma tsada, domin abin da aka yi wa takardun jirgi yakan ninka farashin takwaransa na mota sau da yawa, ta yadda shekara da shekaru masu jiragen da aka haɗa a gida suna morar na'urorin zamani masu araha, masu jiragen da masana'antu suka ƙera kuwa suna fama da tsoffin gejoji. Dokar da aka kafa don tsaro sai ta koma tana hana shigowar abin da ke ƙara tsaron.

Hukumomin ma suna da hujjarsu. Bayan gobarar da ta faɗar da jirgin Swissair samfurin MD-11 a gaɓar Kanada a 1998, inda mutum 229 suka mutu, masu bincike sun sami alamar tartsatsin wuta a wayar na'urar nishaɗin fasinja da aka ƙara wa jirgin bayan ƙera shi, a daidai yankin da wutar ta soma. Duk da haka an sassauta. A 2014 FAA ta sauƙaƙa amincewa da na'urar nuna kusurwar da fiffike ke fuskantar iska, a 2016 ta fitar da tsarin NORSEE don kayan ƙara tsaro waɗanda doka ba ta wajabta ba, a 2017 kuma sabon kashi na 23, wato dokar ƙera ƙananan jirage, ya fara aiki. A Turai, hukumar EASA ta fitar da CS-STAN a 2015, wanda ya jera sauye-sauyen da za a iya yi wa ƙananan jirage ba tare da neman amincewar hukumar ga kowanne ba. Kafin ka sayi wata na'ura, ka tambayi mai sayarwa a ƙarƙashin wace amincewa ake ɗaura ta, ka tabbatar samfurin jirginka yana cikin jerin waɗanda aka amince wa, sannan ka nuna wa makanikin da zai sa hannu takardun tun kuɗinka na aljihu.

Idan ka yi saɓani da sufeto, musu a gindin jirgi ba ya haifar da komai. Ka roƙe shi cikin ladabi ya faɗa maka lambar sashen da ya dogara da shi, ka nemi ya ba ka matsayinsa a rubuce, ka ɗauki hoton na'urar da takardar da ka manna da shafin littafin gyara. Da waɗannan za ka iya kai batun gaban shugaban ofishinsa, ko ka nemi fassarar doka daga lauyoyin hukumar, ko ka nemi taimakon ƙungiyar masu jirage irin su AOPA. Idan kuma bayan ka sauka ne ka gane cewa ka tashi da na'urar da doka ta wajabta ba ta aiki, tsarin ASRS da hukumar NASA ke gudanarwa yana karɓar rahoto a asirce, kuma aika shi cikin kwana 10 na iya kare ka daga biyan tara ko dakatar da lasisi, matuƙar ba da gangan ka aikata ba kuma abin bai kai ga haɗari ko laifi ba.