Yadda ake aron aikin wani a intanet ba tare da an rufe maka shafi ba

A nan Samaru na ga ɗalibai da dama sun buɗe shafin labarai ko tashar bidiyo, kafin a je ko'ina an rufe. Rami ɗaya suke faɗawa: su kwaso hoton wani, su rubuta a ƙasa wai "haƙƙin mallaka na mai shi ne". Wannan ba ya wanke kowa.

Fara da sanin abin da doka ta ba ka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta yarda a tsakuri aikin wani don sharhi, suka, nazari ko ba da labarin abin da ke faruwa, muddin an ambaci sunan aikin da mai shi. Alƙali zai duba dalilin ɗaukar, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da ko an kashe wa mai shi kasuwa. Ni dai ƙa'idata, bayaninka ya ninka abin da ka aro sau uku. Littafi kuwa, ko da ka ga ya tsufa, kar ka ɗora shi sukutum. Haƙƙinsa na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin.

Sai ka duba daga ina aikin ya fito. Nijeriya na cikin yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare haƙƙin mallaka, tun 1993, saboda haka hoton Bafaranshe na da kariya a nan daidai da na mai hoton Sabon Gari. Hoto ya fi jefa mutane cikin matsala, don ba a tsakurarsa, in ka ɗauka ka ɗauke duka. Gara ka biya kuɗin acaɓa ka je Ƙofar Doka ka ɗauki naka da waya.

To ga inda na ƙone. Manyan dandalin nan irin su YouTube da Facebook na Amurka ne, kuma wata dokarsu ta 1998 suke bi wajen sauke abu. Wani kamfanin waje ya kai ƙorafi aka sauke min bidiyo. Raina ya ɓaci, nan take na cike takardar ƙalubalantar ƙorafin don a mayar min da bidiyona. Ban tsaya na karanta ba, ashe na sa hannu ne cewa na yarda kotun tarayya ta Amurka ta saurari ƙarar, kuma sunana da adireshina da lambar wayata duk an miƙa wa masu ƙorafin. Kwana goma na aiki aka ba su su shigar da ƙara. Barci ya ƙaurace min har wa'adin ya cika, Allah ya rufa asiri ba su shigar ba. Don Allah kar ka taɓa wannan takarda sai lauya ya duba maka. Rubuta wa mai aikin cikin ladabi, ka roƙe shi ya janye.

A YouTube gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha. Izinin da aka ba ka kuma, ko ta WhatsApp ne, ajiye shi a rubuce.