A riƙa duba keken kayan farfaɗo da majinyaci a kowane canjin aiki

Abokan aiki, shawarata ita ce kada wanda ya karɓi aiki ya sa hannu a littafin keken gaggawa sai ya buɗe keken da kansa, domin idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma wannan ba lokacin neman makulli ba ne.

A kunna na'urar girgiza zuciya a tabbatar batirinta ya cika, a duba ma'aunin tukunyar iskar oksijin, a matsa jakar hura numfashi da hannu don a ji ko tana yoyo. Abin da aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne fitilar na'urar duba maƙogwaro. Na taɓa ganin an ɗauko ta ana cikin danna ƙirji, ashe batirinta ya mutu.

Allurar adrenalin, wadda ake yi wa majinyaci idan zuciyarsa ta tsaya, tana saurin ƙarewa, tunda ana maimaita miligiram 1 bayan kowane minti 3 zuwa 5, saboda haka a ƙirga ta, a ajiye mai kusan ƙarewar wa'adi a gaba. Da zarar an gama amfani da keken, a cike gurbin abin da aka ɗiba nan take, a rufe shi da hatimi mai lamba.