Sabbin hannayen jari: yadda za ka gane ko kasonka ya zube

Idan kamfani ya fitar da sabbin hannayen jari, naka ba ya raguwa ko ɗaya a takarda. Kasonka ne ke raguwa, domin masu rabo sun ƙaru.

A ce wani kamfanin sarrafa shinkafa a Idu, Abuja, yana da hannayen jari 1,000,000, kai kuma kana riƙe da 300,000, wato kashi 30 cikin ɗari. Aka fitar da sabbi 250,000 aka sayar wa wani. Jimla ta koma 1,250,000. Raba naka da sabuwar jimlar, za ka ga ka sauko kashi 24. Idan kana son ka tsaya a 30, sai ka sayi 75,000 daga cikin sabbin.

Kar ka raina wannan shidan da ya tafi. A dokar kamfanoni ta CAMA 2020, ƙuduri na musamman, kamar sauya ƙa'idojin kamfani, sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Mai kashi 30 shi kaɗai zai iya hana shi wucewa. Mai 24 ba zai iya ba idan sauran sun haɗa kai.

Sai farashi, nan ake cutar mutane. Idan darajar kamfanin naira miliyan 100 ce, kowane hannu naira 100 ke nan. Aka sayar da sabbin a naira 100, miliyan 25 ta shigo, kasonka har yanzu miliyan 30 ne, ba ka yi asarar kwabo ba. Amma aka sayar a naira 40, miliyan 10 kawai ta shigo, kowane hannu ya faɗi zuwa naira 88, naka ya koma miliyan 26.4. Mai sayen kuwa yana iya zama ɗan'uwan wani darakta.

Sashe na 142 na dokar ya wajabta wa kamfani mai zaman kansa ya fara tallata wa tsoffin masu hannun jari, kowa gwargwadon kasonsa. Da takardar tayin ta iso, duba adadi, farashi da ranar rufewa, ka amsa a rubuce. In ka yi shiru har wa'adi ya wuce, an ɗauka ka ƙi.

Kafin ka biya, tambayi wanda ya kimanta kamfanin da abin da za a yi da kuɗin. Bayan an raba, nemi rahoton matsayin kamfanin daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka tabbatar adadin da ke gaban sunanka ya yi daidai da wanda ka lissafa.